Gitar 'Yar Fari

Ranar da kwalin ya iso gidanmu na Sabon Garin Maradi ina tsakar gida ina tsince zogale. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ne ya shigo da shi a kafaɗa, wani dogon Bazabarme da rumfarsa ke manne da ta maigidana tun ina goyon fari. Maigida kuwa Bagobiri ne na Tsibiri, don haka abokan wasa ne, tsakaninsu babu gaisuwa sai tsiya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Ya dire kwalin a bakin ɗakina, ya ce ga kayan bawansa sun zo, a fito da tukuici. Maigida ya ce in ba shi ruwa a kaskon kaji, ya ishe shi.

Na zaci kayan ƙofa ne, tun da maigida kafinta ne, kwalaye irin wannan ba baƙi ba ne gare mu. Da aka yanke leda sai ga wani dogon itace mai santsi, an jera mishi siraran ƙarafa a gicciye kamar tsani, daga sama da tazara, suna ta matsowa kusa da juna har ƙasa. Ban da shi akwai ƙananan ledoji: kunnuwan ɗaure tsirkiya masu walƙiya, wayoyi ja da baƙi, tsirkiyoyin ƙarfe a naɗe kamar awarwaro, wani ɗan farantin ƙarfe mai haƙora, da wasu baƙaƙen abubuwa biyu kamar an yanka sabulu. Bazabarmen ya ce dogon itacen wuyan gita ne, baƙaƙen kuma sunansu mikiro, su ke kai sauti ga ampili, akwatin ƙara murya. Shi ya yi komandin kayan, wato ya sa a turo su, a salularsa ta hannun wani ɗan kasuwa mai sauke kaya daga Sin. Gangar jikin ce kawai ba su saya ba, don maigida ya ce abin kunya ne kafinta ya sa a ɗauko mishi katako daga wata ƙasa.

Na tambaya ta wa ce. Bai amsa ba sai da baƙon ya fita. Ya nuna yamma da haɓa, wajen Tsibiri, ya ce, "Ta waccan ce."

Waccan ita ce 'yarmu ta fari. Mu Kirista ne tun iyaye, amma kunyar ɗan fari ba ta tambayar inda mutum ke ibada. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa Tsibiri, can ta girma, can ta yi aure, yanzu tana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ran Lahadi kuma ita ke kaɗa gita a majami'arsu. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ni ban taɓa kama sunanta a gaban mutane ba, ubanta kuwa ko a bayan mutane. In ta zo sai ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon katakon da ke hannunshi. In yana da saƙo gare ta sai ya gaya mini, ni in gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta kai. Haka muka saba, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Ashe tun wani ɗaurin aure da muka je can abin ke cin shi. Ya ga tana fama da tsohuwar gitar majami'a, wuyan ya lanƙwashe kamar baka, an ɗaure wani wuri da roba, sai ta danna da ƙarfi kafin tsirkiya ta yarda. A hanyar dawowa abin da ya ce kawai shi ne, da ɗanyen itace aka yi waccan aba. Na ɗauka maganar kafinta ce irin wadda ya saba yi a kan kujerun mutane.

Katakon daga Jiratawa ya zo. Wan maigida na da garka can, wato lambu, kuma akwai wani madaci da iska ta kayar shekarun baya, aka tsaga aka jibge a rumfa har aka manta. Maigida ya tafi da safe ya dawo da azahar da guntu ɗaya mai kauri, ja wur, tare da damin zogale da barkono. Ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, amma kusa da kunnena, ba nashi ba. Injin tsaga katako ya riga ya cinye mishi rabin ji, in kana son ya ji ka sai ka tsaya ta dama ka ɗaga murya. Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba, fita ma ba ta dame ni ba, amma daga cikin ɗaki ina sanin wace ce ke daka a unguwa, da babur ɗin wane ne ya shigo lungu. Na ce mishi katakon yana amsawa kamar tulu marar ruwa. Ya ce to ya bushe ke nan.

Don kada mutanen Tsibiri masu zuwa rumfarshi su gani su kai labari, sai ya dawo da aikin tsakar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Ni na ci ribar wannan, don komai a gabana aka yi. Hoton gita suka buɗe a salular Bazabarmen, maigida ya dube shi ya dube shi, ya zana siffar da fensir a kan takardar buhun siminti, ya yanke ya ɗora bisa katako. Na ce me zai hana a aro tsohuwar ta majami'a a gwada tsawo da faɗi. Ya ce in allura ta fita daga majami'ar Tsibiri kafin yamma kowa ya sani, balle gita. Na ce to a tambayi mai ita mana, ko ta bakin ƙanwarta. Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. Ya tuna mini babansu masassaƙin gurmi ne, a gabanshi ya tashi, ba yau ya fara ganin abu mai tsirkiya ba.

Ban taɓa ganin yana lallaɓa itace haka ba. Mutumin da ke gama ƙofa tsakanin safe da la'asar, sai ga shi yana kwana da wuni kan ramin da wuya zai zauna. Ya sassaƙa kaɗan, ya gwada, ya cire, ya hura, ya sake. Ya ce so yake wuyan ya shiga ya zauna ko babu kusa, a ɗaga gitar ta wuya jikin ya biyo. Haka kuwa aka yi. Garin madacin nan ja ya bi ko'ina, ga ɗaci, har tuwo sai da ya ɗauki ɗanɗanonshi. Yaran gida suka yi ta ƙorafi, ya ce magani ne, su ci.

Abin da ya fi ɗaure mini kai mikiro ne. Wata rana ina ɗinki kusa da su sai allurata ta suɓuce, ta tashi da kanta ta manne a jikin ɗaya. Na kira Bazabarmen, ya ce maganaɗisu ne a ciki, an naɗe shi da waya siririya kamar gashi. Da ya gama liƙa wayoyin da dalma ya haɗa da wani tsohon ampili na rumfarsa, na roƙe shi in gwada. Na kai bakina na yi sallama, shiru. Na rera baiti guda, shiru. Ya miƙo mini cokali ya ce in taɓa, ina taɓawa ampilin ya yi wata ƙara, kaji suka watse. Na wuni ina juya abin a raina, wai kunne ne amma ba ya jin mutum sai ƙarfe. Bazabarmen ya ce ai irin na mijina ne sak, shi ma zarto kawai yake ji.

Fenti maigida ya ƙi. Ya ce wanda ya rufe madaci da fenti bai san abin da Allah ya ba shi ba. Barni ya shafa, man nan mai sa katako sheƙi ba tare da ya rufe shi ba, lokacin kuma bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Shafin farko ƙudaje suka faɗa suka maƙale. Na biyu wata kazata ta taka, ta bar sawu uku a baya. Ya goge da samfefa, washegari kuwa kazar muka ci. Daga nan sai ya rataye gitar cikin gidan sauronmu, mu muka koma kwana da mafici. A hankali launin ya fito kamar zuma a kwalba, in ka leƙa kana ganin fuskarka da jijiyoyin itacen a ƙarƙashi.

Saura farantin nan mai haƙora, wanda tsirkiyoyi ke hawa a kai daga ƙasa. Maigida jaki yake ce mishi, yadda ake ce wa ɗan itacen da ke ɗauke da tsirkiyar gurmi. Ya ɗora shi bisa jikin gitar, ya ja da baya ya duba, ya duba hoton, ya matsar da shi kaɗan, har ya zauna inda ya cika mishi ido. Ya sa metir ya auna, ya tabbatar bai karkata dama ko hagu ba. Sa'an nan ya huda, ya ɗaure shi tam da kusoshi masu murɗi. Aka ɗora tsirkiyoyi. Cikinsu babu wanda ya iya kiɗa, amma salular Bazabarmen na da wani abu mai nuna in tsirkiya ta kai muryarta, suka yi ta murɗa kunnuwa har duka suka daidaita. Maigida ya ja babban yatsa a kansu gaba ɗaya, bai danna komai ba. Wani sauti ya fito mai zurfi, ya daɗe bai mutu ba, har mai wainar bakin titi ta leƙo. Na ce lalle an yi gita.

Saƙo ya bi hanyar da ya saba bi, ta zo ran Asabar. Maigida ya zauna can gefe ya ba mu baya, wai yana gyaran ƙafar kujera. Na fito da gitar a naɗe cikin zane, na ajiye gabanta, na ce ga wani abu an ce a ba ta. Ta buɗe. Ta daɗe tana shafa jikin da tafin hannu ba ta ɗago ba. Aka haɗa da ampili, ta ja tsirkiyoyin a sake, fuskarta ta washe. Sai ta ɗauko wata waƙar yabo da kowa ya sani. Daga farko, yatsunta na can sama kusa da kunnuwa, abin da ɗan dama, ko da yake na ji kamar miyar da aka kusa manta wa gishiri. Da waƙar ta hau, hannunta ya gangaro tsakiyar wuya, sai muryoyin suka fara faɗa da juna. Ba wata ƙara ba ce, kaucewa ce 'yar kaɗan, irin ta mace guda cikin zumuntar mata da ke ɗaga murya ta wuce sauran. Ta tsaya, ta murɗa kunnuwa, ta sake. Haka dai. Ta sake tsayawa. Muka haɗa ido, kowa ta kawar.

Ta naɗe gitar, ta durƙusa ta fuskanci bango ta ce an gode, Allah ya ƙara ƙarfi. Ya yi gyaran murya. Da ta tafi ya ce mini ya ji ƙarar har cikin ƙirjinshi. Na yi zaton sabunta ce, tsirkiya za ta zauna.

Mu a nan Maradi muke sujada, saboda haka bai ga abin da ke faruwa can ba. Amma duk wanda ya zo daga Tsibiri sai ya ja shi da hira, ya zagaya ya zagaya, ya tambayi ruwa, ya tambayi shuka, ya tambayi fasto, daga ƙarshe ya ce yaya kiɗa a majami'a kwanan nan. Su ce lafiya lau, tana nan da tsohuwar gitarta. Wata matar ɗan'uwanshi ce ta ƙarasa shi, da nufin yabo. Ta ce ta ga kyakkyawar gitar da ya yi, tana rataye a bangon ɗaki an lulluɓe ta da sabon zane, ko yara ba a bari su taɓa.

Tun ranar ya rage cin tuwo. Ya koma rumfa yana ƙofofinshi, Bazabarmen ya tsokane shi ya ƙi ramawa, har shi ma ya shigo ya tambaye ni ko bawansa ba shi da lafiya. Wata la'asar yana wanke hannu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba ta so. Abin kanti take so." Na san ba zai tambaye ta ba har abada, ita kuma ba za ta buɗe baki ta ce aikin ubanta da gyara ba. Gitar za ta tsufa a bango, shi yana ganin an raina hannunshi.

Ni da ko kasuwa aike nake yi, sai ga ni cikin adaidaita zuwa Tsibiri. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa dama da hagu. Ta yi mamakin ganina, ta shimfiɗa tabarma, muka zauna kowa na kallon wani gefe. Muka yi maganar yara, da tsadar mai, da ciwon ƙafar kakarta. Sai na ce ni fa tun ranar nan wani abu ke damuna, ina so in ji tsohuwar da sabuwar a jere, don kunnena ne ban yarda da shi ba. Ta aika aka ɗauko ta majami'a da ɗan ampilinsu, ta sauko da ta bango.

Ta nuna mini wani wuri a tsakiyar wuya mai ɗigo biyu. Ta ce in aka danna nan, muryar da za ta fito ita ce ta tsirkiyar a sake, sai dai siririya, kamar namiji da mace suna rera waƙa ɗaya. Ta gwada a tsohuwar, duk da lanƙwasarta muryoyin biyu suka kwanta kan juna. Ta gwada a sabuwar, ta biyun ta wuce ta farko, ta tsaya sama tana lilo. Kowace tsirkiya haka. Ta ce ta canza tsirkiya, ta murɗa 'yan haƙoran jakin har ƙarshensu, abin ya ragu amma bai tafi ba, in ta bi mawaƙa da ita sai su ɓace.

"Yaya, ban taɓa riƙe gita mai daɗin hannu kamarta ba," ta ce. "Amma ƙarya take yi. Don Allah kar Baba ya ji."

Na ce Baba ya riga ya ji abin da ya fi wannan muni, yana can yana cewa ba ta so. Ta sa gefen mayafi a ido. Na ɗauko gitar na dawo da ita bisa cinya.

A hanya nake ta tunani, me zai sa tsirkiya ta faɗi gaskiya a sake, a danna ta kuma ta kauce. Sai surukina ya faɗo mini a rai, baban maigida. Na riske shi da rai farkon aurena. In ya gama gurmi ba ya ba mai shi sai ya zauna ya kaɗa, ya tura jakin da babban yatsa, ya kaɗa, ya dawo da shi kaɗan, yana karkata kai kamar mai sauraron gulma. Ban taɓa tambayar dalili ba, amarya ba ta tambayar suruki. Amma na tuna jakin gurmi ba a kafe yake ba.

Na bari sai da maigida ya ci abinci. Na tsaya ta damanshi na gaya mishi duka. Ya fusata. Ya ɗauko metir ya gwada mini wuyan, a miƙe. Ya gwada jakin, bai karkata ba. Ya ce a nuna mishi inda aikinshi ya karkace, in kuwa kayan ne marasa kyau to Bazabarme ya cuce shi. Na ce ni ban san metir ba, abin da na sani babansu yana tura jaki gaba da baya kafin ya sallami gurmi. Ya ce wannan na gurmi ne, yana tafiya, na gita kuwa a kafe yake. Na ce wa ya kafe shi? Ya tashi ya fita.

Bai sake tayar da maganar ba sai da na ga ya zauna yana feƙe wani ɗan guntun madaci, tsawon yatsa, da 'yar tsaga a sama. Jakin gurmi ne sak. Ya kwance na ƙarfen, ya ɗaura tsirkiya ɗaya a wata kusa can gindin gitar, ya cusa na itacen a ƙarƙashinta. Ya tura shi gaba, ya tura baya, ya dube ni. Ya ce ni ina da kunne amma ba ni da yatsu, shi kuma hannunshi na kan jaki. Na ce yatsun suna Tsibiri. Ya ce in gaya wa ƙanwarta. Na ce wannan karon ƙanwarta ba ta cikin maganar, wanda ya yi gita shi zai kira mai gita.

Ya yi ta juya salularshi a hannu. Daga bisani ya sa aka nemo mishi lambar, don ba ya da ita. Ina jin muryarta daga inda nake, tana jin shi ne ta ce wa ya rasu. Ya ce, "Ba wanda ya rasu. Ki zo ran Asabar, akwai aiki." Ya kashe.

Aikin ba ya yiwuwa daga nesa. Dole ta zauna a kujera da gitar bisa cinya, shi kuma ya tsuguna dab da gwiwarta yana riƙe da ɗan jakin. Tun tana jaririya ban ga sun yi kusa haka ba. Ni na juya musu baya, wai don in ji da kyau, amma har da don in sauƙaƙa musu. Ta ja tsirkiya a sake, ta danna wurin ɗigo biyu, ta ja. Na ce da saura. Ya matsar, ta murɗa kunne ta maido da muryar, ta sake. Da saura. Da farko ni take gaya wa, "Yaya, a ce a ƙara baya," ni in ɗaga murya in maimaita, alhali kunnenshi na kusa da bakinta fiye da nawa. Bazabarmen da ya kawo ampili ya ce shi bai taɓa ganin tafinta tsakanin Bagobiri da Bagobira ba, ko a kira mishi alƙali.

Muryoyin biyu suka yi ta matsowa. Wani abin mamaki, in sun kusa haɗuwa sai ka ji ta biyun tana neman wurin zama kamar kaza a kan ƙwai. Can ya tura da ɗan yawa, ta faɗo ƙasa da ta farko. Kafin in buɗe baki na ji ta ce, "Baba, ka wuce. Dawo kaɗan." Ya ce, "Haka?" Ta ce, "Kaɗan dai." Ta ja. Na juyo na ce to nan ne. Ita ma ta ɗaga kai. Ya zare fensir daga bayan kunne ya ja layi.

Tsakanin layin da inda ya kafe jakin da farko bai fi faɗin yatsu biyu ba. Ya tsaya yana kallon wannan 'yar tazara. Sai ya ɗauko metir, don shi ba ya yarda da abu sai ya auna. Ya auna daga saman wuya zuwa ƙarfen wurin ɗigo biyu, ya auna daga nan zuwa layin fensir. Ɗaya suke. Ya sake aunawa, ya kira Bazabarmen ya gani. Ya ce ashe waɗanda suka jera ƙarafan nan tun can sun riga sun yanke inda jaki zai zauna, gurmi ne da ba shi da ƙarafa ake bin shi da ido da yatsa. Ya yi ta maimaita wannan magana har yamma, wa duk wanda ya shigo, har da mai kawo mana ruwa.

Ya huda sabbin ramuka ya mayar da jakin ƙarfe bisa layin. Bazabarmen ya ƙara tsawon wata waya da ke bi ta ƙarƙashi yana mita. Ita ta bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya tana murɗa 'yan haƙoran, ina saurare. Tsofaffin ramukan ya feƙe 'yan turaku na madaci ya toshe su, ya goge, ya shafa barni, amma ba su ɓoyu ba, suna nan a jere gaban jakin. Bazabarmen ya ce yanzu ne gitar ta zama 'yar gida, an yi mata tsagen Gobirawa. Ta kaɗa waƙar nan ta ranar farko, daga sama har ƙasan wuya, na bi ta da murya ban ɓace ba. Maigida ya tambaye ni da ido, na ce ta daidaita. Ta tafi da ita a hannu, zanen ma ta manta shi a gidan.

Bayan an yi girbin gero, wata safiya na ji tsayuwar adaidaita a ƙofar gida, na ji takunta, amma ba ta shigo ba. Rumfar ubanta ta nufa. Bangon ɗakina ne bayan rumfar, na ajiye tsintsiya. Ta gaishe shi a gaggauce, ta ce kusar da ke riƙe igiyar ratayawa tana girgiɗi, saura kaɗan gitar ta faɗi ana tsakiyar waƙa, kuma ta cika nauyi, kafaɗarta ciwo take in an daɗe a tsaye. Ya ce madaci ne, ba karan dawa ba. Na ji motsin yana juya ta. Sai ya ce wa ya ƙarje mata baya haka, barnin nan ma duk ya dushe wajen da hannu ke zama. Ta ɗaga murya yadda zai ji, ta ce to ga Lahadi, ga koyon waƙa, ga bukukuwa, ina za ta huta.

"Ba ku iya riƙon kaya ba," ya ce. "Miƙo mini turnabis ɗin can in murɗa kusar. Ba wannan ba, ƙaramin."